Tsofaffin Gine-Ginen Kaduna: Ina Rabon Ƙetaren Kogi?

Idan kin taɓa kai yara shan iska lambun Gamji da ke bakin Kogin Kaduna, wanda aka sauya wa suna zuwa lambun Janar Hassan Usman Katsina, to da wuya a ce ba ki ga wata 'yar gada ta ƙarfe a ciki ba. Ba wata babba ba ce, tsawonta bai kai mita 15 ba, kuma da ƙafa ake hawanta. Yara sukan bi ta kanta a guje, iyaye su tsaya a ɗauke su hoto, kowa ya kama gabansa. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba shi ne, duk faɗin birnin Kaduna da tarin gine-ginen da ke cikinsa, wannan 'yar gada ce ta shiga tsohon jerin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta hana a rusa ko a taɓa su.

Gwamna Lugga ne ya sa aka gina ta a Zungeru a 1904, lokacin da can ne hedikwatar mulkin Turawa a Arewa, kafin a dawo da hedikwatar Kaduna a 1917. An kafa ta a wannan lambu a 1954, sannan a 1956 aka ayyana ta a matsayin abin tarihi. Kin ga ke nan ita ma baƙuwa ce a garin, ɗauko ta aka yi.

Wannan jeri da muke magana a kai yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, ta gaji tsohuwar hukumar da dokar 1953 ta samar tun zamanin Turawa. An daɗe ana aiki da jeri mai ɗauke da wurare 65 a duk Nijeriya. A ciki akwai Gidan Makama na Kano, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da tsohon ginin Kwalejin Katsina, da kufan birnin Surame na Kanta, da gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki, da gidan Rabe a Dikwa. Kafin 1987, lokacin da aka cire Katsina daga Jihar Kaduna, Gobarau da Kwalejin Katsina duk na jihar nan ne. Da aka raba gari sai suka bi masu su, aka bar Kaduna da gadar Lugga da wasu wurare a ƙasar Zazzau: ganuwar birnin Zariya, da dutsen Kufena inda ake ganin alamun tsohon mazauni, da masallacin Haɓe na Maigana a Ƙaramar Hukumar Soba.

Me ake nufi da shigar gini cikin jerin? Mutane da dama suna zaton da zarar an sa gidan mutum a ciki to gwamnati ta ƙwace ke nan. Ba haka ba ne. Hukuma tana fitar da sanarwa, a sanar da mai wurin, a ba shi damar faɗin ƙorafinsa idan yana da shi, sannan a kai maganar gaban shugaban ƙasa. Idan ya amince, daga ranar babu mai ikon rusa wurin, ko sauya masa kama, ko haƙa a cikinsa, sai da izinin hukumar a rubuce. Iyakar abin ke nan. To amma doka a takarda daban, kiyaye ta daban. Duk wadda ta shiga Zariya ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ta san yadda ganuwar ta koma. A wasu wuraren tudun ƙasa ne kawai ya rage, a wasu an yi gini a kai, a wasu kuma masu ɗibar ƙasar gini sun cinye ta da kaɗan-kaɗan. Ganuwar da ake danganta irinta da Sarauniya Amina ke nan, wadda kowace yarinya 'yar firamare ta san sunanta.

Gine-ginen da kowa ya sani

Akwai kuma wasu gine-gine a cikin gari waɗanda darajarsu ba ta ɓuya ga kowa ba, kuma ana kula da su saboda akwai hukumar da ke zaune a ciki. Ga Majalisar Lugga mai ƙubba, inda majalisun Jihar Arewa suka zauna, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. Ga Gidan Sa Kashim Ibrahim, fadar gwamnati. Ga Gidan Tarihi na Ƙasa a kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, inda za ki nuna wa yara mutum-mutumin yumɓu na Nok da aka fara tonowa a 1928 a kudancin jihar nan. Sai kuma Gidan Arewa a titin Rabah, gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu ranar 15 ga Janairu 1966. Tun 1970 aka mai da harabar cibiyar binciken tarihi, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ana adana littattafai da rubuce-rubucen Larabci da na ajami a cikinta. Idan ba ki taɓa zuwa ba, 'yar'uwa, ki roƙi maigida ya kai ku wata rana. Ya fi yawon kanti amfani nesa ba kusa ba.

Shahara kaɗai ba ta tsare gini. Otal ɗin Durbar, wanda aka gina saboda bikin FESTAC na 1977 da aka yi hawan dabarsa a Kaduna, ya yi shekaru a kulle ana shari'a a kansa, a ƙarshe aka rushe shi a watan Janairun 2020. Wanda aka haifa bayan nan sai dai a ba shi labari.

Yanzu ki sake duba duk wuraren da muka lissafa na cikin birnin Kaduna. Lambun Gamji, Majalisar Lugga, Gidan Arewa, gidan gwamnati, gidan tarihi, dukkansu a arewacin kogi suke, kuma dukkansu na masu mulki ne. Da kin haye gada kin nufi Makera da Kakuri da Nasarawa da Barnawa, sai lissafi ya tsaya cak, kamar a ce ba a taɓa yin wani abin tunawa a can ba. Alhali kuwa idan mulki a arewacin kogi aka yi shi, to abincin da ya riƙe garin a kudu aka neme shi.

Abin da ke ƙetare

Fara da tashar jirgin ƙasa. Da kin sauka daga gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ita ce za ta fara tarbarki, ga kasuwar tasha nan kusa da ita inda ake sayen kifi da kayan marmari. Jirgin ƙasa ya riga hedikwata zuwa Kaduna, domin kuwa layin dogo daga Ikko ya riga ya isa Kano kafin 1917, kuma samuwarsa na cikin dalilan da suka sa Lugga ya zaɓi wurin. A cikin shekarun 1920 aka haɗo layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan, sai tashar ta zama mahaɗa. Ta nan gyaɗa da auduga da fatu da shanu suka riƙa gangarawa kudu, goro da gishiri da kananzir suna hawowa. Ta nan kakanninmu da yawa suka fara taka ƙasar Kaduna da ɗan ƙunshin kayansu a ka. Amare nawa aka kai Kano ko Gusau ko Nguru ta wannan tasha, ana kuka ana leƙe ta taga? Tambayi duk wata tsohuwa da ta haura saba'in ki sha labari. A gefen tashar akwai gidajen ma'aikatan reluwe, irin ginin nan mai kauri da baranda da doguwar taga, wanda ko da rana tsaka za ki ji sanyi a ciki. Tun da aka buɗe sabon layin Abuja a 2016 hankalin matafiya ya koma tashar Rigasa, tsohuwar kuwa sai wanda wata hidima ta kai shi.

Daga nan sai masaƙu, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar nan, kuma da akoko ta fara, wanda ake saƙawa da audugar da manomanmu suka noma. Bayanta wasu suka biyo, Nortex, da UNTL ta 'yan Sin da aka kafa a 1964, da Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa. Sai kuma masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, da kamfanin haɗa motocin Fijo da ya fara aiki a 1975. Duk a wannan yanki.

Dubban mutane ne suka yi aiki a masaƙun nan, dare da rana, ana canjin aiki. Idan jiniya ta yi kuka aka tashi, titi cika yake da kekuna har mota ta rasa wurin bi. Bahaushe da Bagwari da Bajju da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe, duk injin ɗaya suke tsayawa a kai, su fito su ci abinci a rumfa ɗaya, su koma gidan haya ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa har ya zama Gwamnan Edo a 2008, a masaƙar Arewa ya fara aiki yana saurayi. Mu mata kuwa, ko ba mu shiga ciki ba, da masaƙar muka rayu. Mai tuwo-tuwo da mai ƙosai a bakin ƙofa da ita suka aurar da 'ya'ya. Matar ma'aikaci da albashin ƙarshen wata take zubin adashi. Atamfar da aka zuba wa iyayenmu a lefe, da ankon da aka fitar a bikinsu, da zanen goyon da aka goya da yawa daga cikinmu, kaso mai yawa daga Kakuri suka fito.

KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka riƙa binta ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da tsufan injuna da kwararowar atamfar waje ta ɓarauniyar hanya ne suka taru suka kayar da su. Ma'aikatan KTL sun yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, suka bar zawarawa da marayu suna bin sawu. Gine-ginen kuwa ciyawa ta rufe wasu, rufin wasu ya yaye.

Wata za ta ce, to masana'anta kuma ai ba gidan sarki ba ce, wane tarihi ke cikinta? A Ingila, inda injunan KTL suka samo asali, akwai wani gari da ake kira Saltaire wanda ba komai ba ne illa tsohuwar masaƙa da gidajen ma'aikatanta. Da masaƙar ta tsaya ba su rushe ta ba, sai suka mai da ita shaguna da ofisoshi da ɗakin nune-nune, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba ina cewa a hana farfaɗo da masaƙunmu ba ne, wannan shi ne fatan kowa. Abin da nake cewa shi ne, ko an farfaɗo da su ko an sayar da filin, ya kamata a ware ko da ƙofar shiga ce da zaure ɗaya da injin saƙa ɗaya, a rubuta sunayen waɗanda suka yi aiki a wurin, a bar wa jikokinsu.

Kada mu manta da Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri. 'Yan mishan na Katolika ne suka kafa ta a 1940 da sunan Queen of Apostles, gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970 ta sauya mata suna. Tana cikin tsofaffin makarantun sakandaren 'yan mata a Arewa, kuma na tabbata cikin masu karanta wannan shafi ba za a rasa waɗanda suka kwana a ɗakunanta ba. Makarantar da ta haura shekara 80 tana yaye mata, idan tsofaffin azuzuwanta ba su cancanci a adana su ba, to me ya cancanta?

Abin mamaki, idan aka ce wa matasanmu su faɗi ginin tarihi a kudu da Kaduna, fadar duwatsun nan ta Kajuru za su ambata, wadda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 da siffar gidajen sarakunan Turai. Kyakkyawa ce, ba musu, amma tashar jirgi ta girme ta nesa ba kusa ba, kuma babu kakan kowa da ya yi gumi a cikinta don ciyar da iyali.

Akwai wani dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002, Kaduna ta rabu gida biyu, kogi ya zama iyaka. Musulmi da dama suka bar unguwannin kudu suka koma Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Mu'azu da sauransu, Kiristoci da dama su ma suka bar arewacin kogi suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi. An sayar da gidaje a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wasu ma musaya aka yi, ka ba ni naka in ba ka nawa. Har yanzu akwai Hausawa Musulmi a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, sai dai yaran da aka haifa bayan rabuwar, a ɓangarorin biyu, sun tashi suna ganin ƙetaren kogi kamar wata ƙasa ce da ba su da alaƙa da ita. Yaron da bai san kakansa ya yi shekara 25 a Kakuri yana maƙwabtaka da Bajju ba, da sauƙi za a gaya masa cewa ba a taɓa zaman lafiya ba ya yarda. Idan tsohon gidan hayar nan yana tsaye, da masallacin unguwa da cocin da ke bayansa, sai ki kama hannunsa ki nuna masa. Idan an rushe, sai dai ki yi ta rantsuwa.

Tsohon gini ba abin wasa ba ne

Kada a ɗauka adanawa na nufin a zuba wa gini ido har ya faɗo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, yana daga cikin gine-ginen ƙasa da masana a duniya suka fi yabawa saboda ginshiƙansa da bakan gizonsa. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na siminti, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani ɓangare ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Ran mutum ɗaya ya fi kowane gini daraja, saboda haka duk mai son a bar tsohon gini tilas ya yarda da ɗawainiyar duba shi da gyara shi a kan kari.

Ginin ƙasa yana daɗewa ne idan ana yi masa hidima. A garin Jenne na ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu, mata na ɗebo ruwa, maza na hawa. A Agadas ta Nijar, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2013, hasumiyar ƙasa tana tsaye shekaru aru-aru saboda irin wannan kulawa. Mu ma haka iyayenmu suke yi. Kafin damina a kira magini ya hau soro ya toshe tsaga, a gyara indararo, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Azara kuwa ta giginya ce, gara ba ta cika cinta ba.

To ina naki aikin, uwargida?

Ba ke za ki sa hannu a takardar ayyana gini ba, gaskiya ne. Amma kusan kowace zuri'a tana da nata ɗan gidan tarihin, wato gidan gado, ko a Kakuri yake, ko a cikin birnin Zariya, ko a ƙauye. Kuma mu mata mu muke wuni a cikinsa, mu muke fara ganin inda yake yoyo.

Kuskuren da aka fi yi wa tsohon ginin ƙasa shi ne a lafta masa fulastar siminti a ce an gyara. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma ba ya barin danshi ya fita. Idan ya tsage ruwa ya shiga ta baya, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, waje fes ciki kuwa ya zama gari, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Gara a yaɓe shi da irin ƙasarsa. Idan soro ya gagara riƙewa, a ɗora masa rufin kwano mai baki da zai riƙa zubar da ruwa nesa da bango. Ki lura da gindin bango ƙwarai, domin daga nan mutuwar gini take farawa: kada a riƙa wanke-wanke ko zubar da ruwan wanki a jikinsa, kada a bar kwata ta toshe ruwa ya kwanta. Tsagar da kika ga tana ƙara buɗewa, ko azarar da ta lanƙwasa, ba abin a jira albashi ba ne, a kwashe yara daga ɗakin a kira magini. Masu zaune a tsofaffin gidajen ma'aikata kuma, da yawansu rufin asbesto ne da su ko silinsa, ƙurarsa tana yi wa huhu mummunar illa, kada a bari yara su riƙa fasa shi ko a goge shi a bushe.

Sai maganar rabon gado, wadda a nan yawancin tsofaffin gidaje suke ƙarewa. Maigida ya rasu, magada sun yi yawa, gida ɗaya ne, sai a sayar a raba kuɗi, mai saye kuma ya kawo katafila ya yi shaguna. Babu mai cewa a danne haƙƙin kowa don a adana bango. Matar mamaci tana da tumuninta idan akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabonta, maraya yana da nasa, kuma sau da yawa mu mata ake cewa mu yi haƙuri a bar gida "na kowa da kowa", daga baya ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Wannan zalunci ne. To amma akwai hanyoyin da shari'a ta yarda da su waɗanda ba sai an kai ga baƙo ba. Ana iya yi wa gidan kuɗi na adalci, wani daga cikin magada ko wasu su haɗu su biya sauran rabonsu. Mai gida tun yana da rai da lafiya yana iya yin waƙafi da wani sashe, kamar zauren da ake karatun allo a ciki. Yana kuma iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ga wanda ba magaji ba. Kowace aka zaɓa, a je gaban malami masani ko alƙali, a rubuta, a sa shaidu. Maganar baka ita ke raba zumunci.

Takardun gida ma abin kula ne. Yawancin gidajen tsofaffin unguwanni ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, wata ma ta ajami ce. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ke kula da rajistar filaye da ba da takardar mallaka, ki tuna wa maigida ko 'yan'uwanki maza su je su daidaita ta gidanku. Tsohuwar takardar kuwa kada a yar don an sami sabuwa, kuma kada a kai ta a manne ta da roba mai zafi, hakan lalata ta yake yi a hankali. A ɗauki hotonta da waya, a sa ta cikin farar takarda a shimfiɗe, a ajiye inda danshi da gara ba sa kaiwa. Haka za ki yi wa katin aikin Baba na masaƙa, da takardar sallamarsa, da tikitin jirgi idan akwai, da hotunan nan marasa launi da ke cikin tsohuwar adaka. Littattafan kakanni na hannu, idan kun ga ba za ku iya riƙe su ba, ku nemi shawarar ma'aikatan Gidan Arewa. Ki kuma yi hattara da masu yawo gida-gida suna sayen tsofaffin kaya da rubuce-rubuce a kan 'yan kuɗi kaɗan, domin dokar 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda hukuma ba ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da su waje ba izini, kuma kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da dokar ta ambata.

Idan kuwa sayar da gidan ya zama dole, ko an riga an sayar tun lokacin rikici amma yana nan tsaye, to ki nemi izinin masu shi na yanzu ki shiga da waya. Ki ɗauki zaure da tsakar gida da rijiya da madafa da ɗakin da aka haife ki, har da bishiyar da ke ƙofar gida. In da hali ki tafi da Hajiya ko Gwaggo, ki kunna rikoda ki bar ta ta yi ta zuba: wa ya gina, a wace shekara, nawa aka sayi filin, su wa ke ɗakin da ke kallon naku, wace coci ko wane masallaci suke zuwa, ina suka koma. Ki rubuta sunan kowa a bayan hotonsa tun tana iya gane fuskoki.

Ku kuma da kuke cikin ƙungiyoyi, ko ta tsofaffin ɗalibai ce, ko ta Islamiyya, ko ta matan tsofaffin ma'aikatan masaƙa, babu abin da ya hana ku rubuta wa ofishin hukumar da ke Gidan Tarihi na titin Ali Akilu, da ma'aikatar jiha mai kula da al'adu, da ɗan majalisarku, ku nemi a duba tashar jirgi da ƙofar KTL da tsofaffin azuzuwan Kwalejin Sarauniya Amina. Ku faɗi shekarar da aka gina kowanne da dalilin da ya sa kuke ganin ya cancanta, ku haɗa da hotuna, kowa ta sa hannu, ku riƙe kwafi ɗaya mai hatimin ofishin da ya karɓa.